Giris

Daga Turanci muka aro kalmar giris, su ma Turawan Ingila daga tsohon Faransanci suka samo ta, inda take nufin kitse. Harshen Bahaushe ba ya jera baƙaƙe biyu a farkon kalma, shi ya sa ya cusa wasali tsakanin "g" da "r", kamar yadda ya yi wa direba da burodi.

Mai gyaran keke a Miga ya san wurin giris: cikin boris, inda ƙura ba ta kaiwa. Abin da ke damuna shi ne masu lafta shi a sarƙa. Da hunturu ya taso, yashi ya manne, sai ya riƙa cin haƙoran ƙarfe. Sarƙa kananzir take so da tsohon burushi, a goge ta bushe, sannan a ɗiga mai kaɗan.