Biyan jinga a asibitocin Amurka: yadda yake rage kuɗin jinya

Biyan jinga a harkar lafiya tsari ne da mai inshora ke yanke kuɗi guda ɗaya domin jinyar ciwo ɗaya, tun daga kwanciya asibiti har zuwa wani wa'adi bayan sallama. Ya bambanta da tsohon tsari, inda ake biyan kowane gwaji da allura da ganin likita daban-daban. Kamar magini ne da aka yi jinga da shi kan gida sukutum: idan ya ɓata siminti, daga aljihunsa asarar za ta fito.

Amurka ce ta fi gwada wannan tsari, ta hanyar Medicare, inshorar gwamnatin tarayya ga masu shekara 65 zuwa sama. A 1991 aka fara gwaji kan tiyatar jijiyoyin zuciya a wasu 'yan asibitoci, kuma kuɗin da aka kashe ya ragu da kusan kashi 10 cikin 100. A 2016 aka wajabta tsarin ga asibitoci a yankunan birane 67 kan tiyatar sauya gwiwa da ƙugu, jingar kuma ta haɗa da kwana 90 bayan sallama.

Ga yadda lissafin yake: ana tsayar da farashi tun farko. Asibitin da ya kashe ƙasa da haka, ingancin aikinsa kuma bai faɗi ba, ana ba shi lada daga rarar. Wanda ya zarce farashin, shi zai mayar da wani ɓangare na abin da ya haura.

Bincike kan shekaru biyun farko na shirin 2016 ya nuna ragin kusan kashi 3 cikin 100 a kowace jinya, ba tare da ƙaruwar matsaloli bayan tiyata ba. Mafi yawan ragin ya samu ne saboda an fi sallamar majinyata zuwa gidajensu maimakon cibiyoyin farfaɗowa masu tsada.

Sai dai ladan da ake biyan asibitoci yana cinye kaso mai yawa na rarar, don haka ribar gwamnati takan yi ƙasa. Akwai kuma fargabar asibiti ya guji majinyatan da jikinsu ya yi rauni ƙwarai. Tsarin ya fi dacewa da tiyatar da aka san farkonta da ƙarshenta, fiye da cututtuka masu daɗewa irin su ciwon sukari.