Ƙyauren zaure da launinsa: abin da munka samo game da tarihinsa



A taronmu na bayan ƙaramar salla wata magana ta taso wadda ta ci mana lokaci fiye da maganar kuɗin rijiya. Wani ɗanmu da ke aiki Abijan ya aiko kuɗi anka yi wa gidan mahaifinsa ƙyauren ƙarfe, ya kuma ce a shafa masa jan fenti, don haka ya gani ga gidajen can. Tsoho ya ce shi ba dogari ba ne, ba kuma ɗan bori ba ne, ba a sa ja bakin zaurensa yana da rai. Yau wata huɗu ke nan ƙyauren na jingine cikin gida, uba da ɗa ko a waya ba su gaisawa. Taro ya ɗora mana, mu malaman lakkol, mu bi tsofaffi da takardu mu gano inda wagga al'ada ta launi ta fito. Ga abin da munka samo.

Abu na farko, kuma shi ya fi ba mu mamaki: ƙyauren kakanninmu ba shi da fenti ko kaɗan. Kun san Alƙalawa ta faɗi a 1808, Gobirawa sunka yi ta yawo, har bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Gobir Ali ya kwanta dama, Sarki Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Katsinawan Maraɗi. Mutanen da sunka zauna nan ƴan gudun yaƙi ne, hankalinsu na ga tsaron gari. Talaka tufaniya ko asabari yake ja bakin ɗaki, zana ta kewaye gida. Sarakuna da attajirai su ke da ƙyaure na gaske: allunan itace masu kauri waɗanda maƙera ke ɗaurewa da ƙarfe da manyan ƙusoshi. Launinsa na itace ne, sai abin da hayaƙi da hannun masu shiga da fita sunka ƙara masa cikin shekaru. Nauyinsa da yawan ƙarfensa su ke faɗa wa baƙo ko gidan wa ya zo.

Launi kuwa ga bango yake. Magina na shafa makuba, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa, ta ba gini duhu-duhu mai ja kuma ta tsare shi daga ruwa. Akwai farar ƙasa, akwai jar ƙasa. Wanda ya je unguwar Birni ta Damagaram ya ga yadda masu hali ke zana fuskar zaure har da zankwaye a bisa. Mu nan ba mu kai su ado ba, kuma ba abin kunya ba ne mu faɗa.

To, ina tsoho ya samo ƙyamar ja? A nan sai mu dubi harshenmu, abin da muke yawan nuna wa yara a aji. Launi uku ke da suna nasu na kansu tun fil azal: fari, baƙi, ja. Sauran yawancinsu aro ne daga wani abu. Rawaya sunan itace ne da ake rini da shi, shuɗi ɗan uwan shuni ne na marina, sai ruwan goro, ruwan toka, ruwan ƙasa. Waɗannan ukun na farko su ne ke ɗauke da nauyi a Gobir. A gidan Inna da wurin ƴan bori kowane iska da irin dabbar da yake so da irin tufarsa: wani farin rago, wani jan zakara, wata baƙar akuya. A fada kuma ja ta dogarai ce, kuma wanda ya ga jar riga bakin ƙofarsa da sassafe ya san ba gaisuwa ta kawo ta ba. Mutumin da ya tashi cikin wannan ba ya ganin ja kamar yadda yaron Abijan ke ganin ta. Ba gardama ce ta banza tsoho ke yi ba, ko da yake mun ga ya tsananta.

Fenti na gwangwani ya zo ne tare da gyaɗa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan Nasara sunka fara hawowa arewa, kamfanoni irin su CFAO da SCOA sunka buɗe kantuna Maraɗi suna sayen gyaɗa suna sayar da yadi, kananzir, tol da siminti. Sai ga ambaliyar 1945, lokacin da Gulbi ya cinye tsohon garin Maraɗi, kumandan ya sa anka tayar da gari bisa tudu, anka yanka filaye da tituna miƙaƙƙu. Gari guda na gini lokaci ɗaya, ina za a samu itacen da zai ishi ƙyamaren kowa? Kafintoci sunka koma ga tol, da tano da garwar kananzir da ake buɗewa a daddale a buga bisa katako. Daga can salon ya bi hanya ya iso mana, ya isa Jiratawa da sauran garuruwan bakin Gulbi.

Ƙarfe kuwa yana da maƙiyi wanda itace bai sani ba, wato tsatsa. Damina biyu ta isa ta huda gindin ƙyauren tol. Don haka anka fara shafa fenti: magani ne kafin ya zama ado. Kuma ku lura da wanga batu, don shi ne kan maganar. Shafin farko da masu walda ke yi wa ƙarfe don tsare shi daga tsatsa, ja ne mai duhu. Da yawa cikin jajayen ƙyamaren da muke gani a gari, ba zaɓen mai gida ba ne. Kuɗi ne sunka ƙare kafin a sayi shafi na biyu, musamman bayan Janairun 1994 da anka karya darajar sefa, kayan waje sunka yi tsada. Saboda haka ga idon wasu dattawa jan ƙyaure na nufin aikin da ba a gama ba. Yaronmu na son a ce ya yi wa ubansa abin alfahari, uban kuwa na tsoron a ce ɗansa ya gaza.

Shuɗi bai sha wahalar shiga ba. Idonmu ya saba da shi tun daga karofi da rawunan baba. Ga kuma bula ta wanki, wadda wani Bafaranshe mai suna Guimet ya gano yadda ake haɗa ta wajen 1828, mata na zuba ta cikin farar ƙasa su shafe ɗaki. Shi ya sa har yau in kun ƙirga ƙyamaren layinku za ku tarar shuɗi na cikin waɗanda sunka fi yawa.

Kore ya zo ta wata hanya. Ƙubbar masallacin Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, a Madina, an shafa mata kore ne a 1837, zamanin Sarkin Turkawa Mahmud na biyu, shekara ɗaya tak bayan kafa Tsibiri. Da alhazan Maraɗi sunka yi ƙarfi da cinikin gyaɗa da na Nijeriya, zuwa Makka ya yawaita, hotunan ƙubbar sunka cika zauruka da kalandu, kore ya hau ƙyamaren masallatai da na alhazai. Tutar ƙasa da anka tsayar ranar 23 ga Nuwamba 1959 ta ƙara masa daraja. Akwai lokacin da, in ji tsofaffi, wanda bai je Makka ba in ya sa kore sai a yi ta yi masa ba'a ana kiran sa Alhaji. Yau wannan ya wuce.

Mun tambayi masu fenti su ma, don kada mu tsaya ga tarihi kaɗai. Sun ce ja ce rana ta fi saurin kashewa, ƙyauren da ke duban yamma ba ya daɗewa ya koɗe. Baƙi da duk mai duhu zafi suke sha, a watan Afrilu yaro ba ya iya dafa su. Fari kuma ƙurar hunturu da hannun yara ba su bar shi ya kwana da kyau.

Ranar Juma'a da ta wuce mun je mu uku mun gai da tsoho, munka roƙi a fito da ƙyauren tsakar gida. Mun nuna masa cewa jan da yake ƙi yana nan bisa ƙarfen tun daga wurin mai walda, kuma haka yake ƙarƙashin koren ƙofar masallacin unguwarsu. Ya daɗe yana dubawa, ya sa farce ya kankara, sannan ya ce: «To, a rufe shi.» Munka ce, Baba, da wane launi? Ya ce wannan ba mu zai faɗa wa ba, wanda ya sayi ƙyauren shi zai kira ya tambaya.

Ƴan uwa na Abijan, mun san takardar nan na isa hannunku. Wanda ke kusa da yaron ya karanta masa, ya kuma gaya masa ana samun tsoho a waya bayan sallar magariba.