Kwamitin Mazaɓa: Gayyar da Talba Ya Sa wa Lissafi

Duk wanda ya tashi a Kaboji ko wani ƙauye na masarautar Kontagora ya san gayya: a buga ganga, samari su fito da fartanya, mata su dafa tuwo, kafin la'asar an gama noman gonar da za ta ci mutum ɗaya mako guda. Abin da gayya ba ta saba da shi ba shi ne littafin kuɗi da rasit. Wannan giɓi ne shirin raya mazaɓu na Jihar Neja ya zo ya cike.

Dokta Mu'azu Babangida Aliyu, Talban Minna, ya hau kujerar gwamna a 2007 bayan ya kai matsayin babban sakatare a gwamnatin tarayya. Ya san yadda takardar aiki ke tsufa a kan tebur. Mutumin da ya zaɓi a kira shi babban mai yi wa jama'a hidima, maimakon mai girma gwamna, shi ne ya ce a riƙa tura kuɗi kai tsaye zuwa mazaɓu 274 na jihar, naira 500,000 kowace mazaɓa a wata, daga baya aka mayar da shi miliyan ɗaya. Kaboji, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Mashegu, na cikin lissafin.

Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, kuma a ganina nan hikimar take. Babban ɗan kwangila ba zai baro Minna saboda su ba. Sai aiki ya faɗo hannun kwamitin 'yan gari, mutanen da ba ma'aikatan shirin ba ne: malamin makaranta, dattijon unguwa, wakilan mata da na matasa. Su za su zauna su yanke ko rijiyar burtsatse ce ta fi gaggawa ko rufin aji, ko kwalbatin da damina ke cinyewa. Su za su yi cinikin siminti, su tsaya a kan birkila, su kuma fuskanci jama'a bayan sallar Juma'a idan bango ya tsage. Wane injiniya ne daga birni ke da irin wannan mai sa ido?

Kamar waɗannan 'yan kwamiti, masana tafiyar da ayyuka ma da sa kai suka fara. Mutum biyar ne, cikinsu har da James Snyder da Susan Gallagher, suka kafa cibiyar masana tafiyar da ayyuka ta PMI a Amurka a 1969, a ɗan lokacin da ya rage musu daga ayyukansu na neman abinci. Yau takardar shaidarta ta PMP, wadda aka fara bayarwa a 1984, abin nema ce har a Abuja.

An yi gunaguni kan shirin mazaɓun, ba a rasa ba. Wasu kwamitocin siyasa ta shige su, kuɗi suka riƙa yin jinkiri, sannan farashin mai ya faɗi a 2014, aljihun kowace jiha ya ji a jikinsa. Talba ya sauka a 2015.

Amma mutanen da suka koyi tsara aiki da adana rasit suna nan a garuruwansu. Yau da rashin tsaro ya sa ɗan kwangila ke tsoron hanyoyin Mashegu da Mariga, ɗan gari ne kaɗai zai tsaya a kan aiki har ya ƙare. Kamata ya yi gwamnati ta riƙa sakin kuɗin mazaɓa a kan kari, ƙwararrun Minna da Kontagora kuma su ba da Asabar ɗinsu su koya wa kwamitoci lissafi.