Wa Zai Koyar da Manya? Tarihin Malaman Yaƙi da Jahilci a Nijar

Lokacin da Nijar ta sami mulkin kai ranar 3 ga Agusta 1960, yaran da ke zuwa lakwal ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Gwamnatin Diori Hamani ta ga cewa in aka tsaya jiran yara su girma, ƙasa za ta daɗe ba ta sami masu karanta wasiƙa da riƙe lissafi ba. Don haka a shekarar 1963 aka buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci na farko da taimakon hukumar UNESCO. Tara manya a ƙofar fadar mai gari bai yi wuya ba. Abin da ya yi wuya shi ne samun wanda zai tsaya gabansu da alli, kuma wannan matsala ce ta bi tarihin aikin tun daga farkonsa.

Da fari an jingina aikin ga malaman firamare, waɗanda mutane ke kira mushe. Sukan koyar da yara da rana, da dare su kunna fitila su fuskanci iyayen yaran. Sai dai horon da suka samu na koyar da yara ne, cikin Faransanci, kuma babu wanda ya taɓa nuna musu yadda ake rubuta Hausa ko Zabarmanci. Magidancin da ya aurar da ƴaƴa ba ya jure a sa shi maimaita baƙi da babbar murya kamar ɗan shekara bakwai, balle a yi masa tsawa gaban surukinsa. Ga kuma wani cikas: garin da ba shi da lakwal ba shi da mushe, alhali yawancin ƙauyukan ƙasar haka suke.

Ɗalibin Hausa zai so ya lura da batun ƙa'idar rubutu, domin malami ba ya koyar da abin da ba a daidaita ba. A taron Bamako na 1966, wanda UNESCO ta kira, masana sun tsara haruffan Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da harshen Abzinawa. Nijar ta ɗauki tsarin ninka wasali don nuna tsawonsa. Shi ya sa jaridar da aka riƙa bugawa a Madawa don sababbin masu karatu take ɗauke da suna Saabon Ra'ayii, ta Yamai kuwa Gangaa. Tsarin yana da amfani ga baƙon harshe, amma ya raba mai karatu na Maraɗi da littattafan da ake bugawa a Zariya, inda ba a ninka wasali. Sai bayan taron daidaita rubutun Hausa da aka yi a Yamai a 1980 aka bar ninkin, kuma a 1999 gwamnati ta sake fitar da dokar ƙa'idar rubutu. Kowane sauyi na nufin a sake buga littattafai, a sake tara malamai a horar da su. Harafin ƴ da mai karatu ke gani a wannan rubutu, wanda a Nijeriya ake rubutawa 'y, yana cikin ɗan bambancin da ya saura.

Inda aikin ya fi kama ƙasa shi ne kasuwar gyaɗa. A tsakiyar shekarun 1960 hukumar gama-kai ta UNCC, wadda aka kafa a 1962, ta fara miƙa wa manoman Matamai da Magarya ragamar kasuwanninsu. Nan da nan aka bukaci wanda zai karanta sikeli, da wanda zai rubuta nauyin buhu da sunan mai shi, da wanda zai raba rarar kuɗi a ƙarshen kaka. Manomin da ya sha zargin ana tauye shi a wurin awo ba ya bukatar a yi masa wa'azi kan amfanin ilimi. Wannan ya yi daidai da ra'ayin da taron Teheran na 1965 ya yaɗa, cewa a ɗaura karatun manya a kan sana'arsu. Daga nan aka karkata ga ɗauko malami daga cikin gari, a ba shi horo na ɗan lokaci cikin harshensa, ya koma ya koyar da ƴan'uwansa da rani, lokacin da aikin gona ya lafa. A ganina wannan ne mataki mafi muhimmanci a duk tarihin, domin ya buɗe ƙofar malanta ga wanda bai taɓa shiga lakwal ba. Abin takaici, farin 1973 zuwa 1974 da cutar gyaɗar da ta biyo baya sun karya noman da aka gina tsarin a kansa.

Malamin ƙauye kuwa yana bukatar mai horar da shi da mai zagayawa ya duba aikinsa. Don samar da irin waɗannan ma'aikata aka kafa cibiyar CFCA a Yamai a 1977, zamanin Seyni Kountché, wadda daga baya ta zama IFAENF. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta amince da ilimin da ba na aji ba a matsayin sashe na ilimin ƙasa, kuma a shekarun 2000 gwamnati ta koma ba ƙungiyoyi masu zaman kansu kwangilar buɗe azuzuwa. Azuzuwan sun yawaita, amma malaminsu ɗan kwangilar watanni ne, in kuɗin mai tallafi ya ƙare sai ya koma gona ko ya tafi cin rani, horon da aka ba shi ya bi ruwa.

Akwai waɗanda tsarin bai kai gare su yadda ya kamata ba. Matar da ke cikin kulle ba za ta zauna gaban namiji baƙo da dare ba, sai an sami malama, malama kuwa ba ta samuwa sai an riga an koyar da mata. Wannan zagaye ne ya sa har a ƙidayar 2012, lokacin da masu iya karatu cikin manya ba su kai sulusi ba, mata suke can baya da maza. Makiyayi ma ba ya zama wuri guda da rani, daidai lokacin da ake buɗe aji. Sannan ga dubban malaman allo da almajiransu, masu rubuta wasiƙa da bashi da ajami tun kafin zuwan Faransawa, waɗanda aka daɗe ana lissafa su cikin marasa karatu, alhali kusan kowane ƙauye yana da irinsu, kuma sun saba zama da manya a zaure bayan sallar isha'i.