Fijo 504 Mai Dogon Jiki: Tarihin Gyaran da Bai Taɓa Fuska Ba

A shekarar 1968 kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ya fito da motar da ya sa wa lamba 504, wadda Hausawa suka fi sani da Fijo. Gidan zane na Pininfarina da ke Italiya ne ya tsara siffarta, kuma a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai. Daga baya aka fito da mai dogon jiki, wadda rufinta ya miƙe har baya, har da samfurin iyali mai layin kujeru uku na mutum bakwai. Wannan doguwar ita ce ta zama abin hawan talaka a tsakanin Nijeriya da maƙwabtanta, kuma ita ce ta fi kowace shan gyara a hannun makanikai.

Ta hanyoyi biyu motar ta shigo ƙasar Hausa. Ta farko ita ce masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna, wadda ta fara haɗa motoci a 1975. Bayan kisan Janar Murtala Muhammed a 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta mayar da Fijo motar jami'anta, abin da ya ƙara mata daraja a idon jama'a. Hanya ta biyu ta ratso Sahara ce. A shekarun 1970 da 1980, matasan Turai sukan sayi tsofaffin Fijo, su tuƙo su ta Aljeriya, su bi ta Tamanrasset da Assamaka da Arlit har Agadas, su sayar su koma gida. Wannan fatauci ya ja baya a farkon shekarun 1990, lokacin da yaƙin basasa ya ɓarke a Aljeriya, tawaye kuma ya tashi a arewacin Nijar. Turai ta daina ƙera 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har wajen tsakiyar shekarun 2000.

Abin da ya sa ta karɓu yana ƙarƙashinta. Doguwar tana da tazara mai yawa tsakanin tayoyin gaba da na baya, kuma gindinta na baya yana zaune a kan safirin huɗu, biyu a kowane gefe, don haka takan ɗauki kaya ba ta durƙusa ba. Injinta ba shi da sarƙaƙiya, makaniken ƙauye yana iya kwance kafiretarta a gindin bishiya ya mayar. An gwada ƙarfin zuriyarta a gasar Safari ta Kenya, inda Ove Andersson ya yi nasara da 504 a 1975.

Duk da haka, motar da aka ƙera don iyalin Bafaranshe ba ta isa hanyar Katsina zuwa Maraɗi ta Jibiya ba, ko ta Sakkwato zuwa Birnin Ƙonni ta Illela, ko ta Maiduguri zuwa Kusiri ta Gamboru, sai an ƙara mata. Masu walda suka ɗora mata kariya a bisa don buhuna da akwatuna. Makanikai suka sa mata safirin masu tauri, suka ɗaga bayanta don kada ta dinga bugun ƙasa a hanyar birji. Aka kula da lagireto sosai saboda zafin bazara. Masu kushin suka sake ɗinka kujeru, har motar mutum bakwai ta koma ɗaukar tara: biyu a gefen direba, huɗu a tsakiya, uku a baya. In inji ya gaji, a sauke shi a ɗora na hannu da aka kawo daga Turai, wani lokaci ma na ƙanwarta 505, wadda ta fito a 1979.

Abin lura shi ne, duk wannan sauyi ya tsaya ne a ciki da ƙarƙashi. Fitilun gaba masu kusurwa, da zakin da ke tsakiyar hanci, da rufin nan da ke ɗan tasawa ta baya, ba kasafai ake taɓa su ba. Dalilin bai wuce biyu ba. Na farko, siffar ita ce shaidar motar a tasha. Fasinja ba ya buɗe bonet, da ido yake gane Fijo, kuma da wannan ganewar yake ba da kuɗinsa da amanar ransa. Na biyu, muddin jikin bai canja ba, ƙofa ko gilashi ko fitilar wata 504 za ta hau daidai, ko a Kano aka saya ko a Damagaram. Wanda ya yanka jikin motarsa ya raba ta da wannan babbar kasuwar kayan gyara. Har kamfanin Dangel na Faransa, wanda ya mayar da 504 mai jan ƙafa huɗu daga farkon shekarun 1980, ɗaga ta ya yi ya sake mata ƙarƙashi, ya bar mata kamanninta.

Yau ƙananan bas na Toyota da motocin da ake shigowa da su ta Kwatano sun karɓe yawancin tashoshi, kuma Fijo da dama sun ƙare a hannun masu sayen ƙarfe. Waɗanda suka rage sun fara komawa kayan tarihi, masu sha'awa suna neman su don su farfaɗo da su. A nan ne tsohuwar ƙa'idar makanikai take da amfani. Ana iya sabunta birki, a sake wayoyin lantarki, a sa na'urar sanyaya ciki da bel na kujera, domin waɗannan suna tsare rai kuma ana iya cire su in an so. Amma yanke rufi, ko liƙa fitilun wata mota, ko cike tsatsa da ƙullin fenti maimakon a yanke a yi walda, ɓarna ce da ba ta da magani, tun da masana'antar da ke buga jikin ta daina.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Darajar doguwar Fijo a yau tana cikin siffar da 'yan kasuwa da ɗalibai da masu ziyarar dangi suka sani a kan iyakokin Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi. Makanikan da suka riƙe ta shekara da shekaru sun sauya duk abin da hanya ta tilasta musu, suka bar sauran yadda suka same shi. Duk wanda ya gaji ɗaya daga cikin waɗannan motoci, wannan ma'auni ne ya fi dacewa ya auna gyaransa da shi.