Zare: Tarihin lamba ɗaya da ke tsakanin wayarka da intanet

1/
Jama'a, kafin WhatsApp ko burauza su iya aika saƙo, sai sun fara roƙon kanel, wato zuciyar babbar manhajar na'ura, ya buɗe musu soket. Abu na farko da kanel zai tambaya shi ne: na wane dangi? Amsar lamba ce kawai. Yau tarihin wannan lambar zan ba ku. Zaren da ɗan tsawo, a yi haƙuri 🧵

2/
Mu koma farkon shekarun 1980. A lokacin kwamfutoci ba su da harshe ɗaya da suke magana da juna. Kamfanin DEC na da DECnet, Xerox na da XNS, IBM na da SNA. Daga baya Novell ya zo da IPX, Apple ya zo da AppleTalk. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

3/
TCP/IP da muke amfani da shi yau ɗaya ne kawai cikin 'yan takara. Sai ranar 1 ga Janairu 1983 ARPANET, kakar intanet, ta bar tsohuwar ƙa'idarta NCP ta koma kansa. Gwamnatoci da dama kuma OSI suke mara wa baya. Har ita Amurka a 1990 ta wajabta OSI a sayayyar kayan sadarwa na gwamnati.

4/
A cikin wannan ruɗanin ne DARPA, hukumar binciken ma'aikatar tsaron Amurka, ta ɗauki nauyin wata tawaga a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley don a saka TCP/IP cikin Unix. Cikinsu akwai Bill Joy da Sam Leffler. Aikin ya fito a 1983 da sunan 4.2BSD.

5/
To ga inda na ke ganin sun yi basira. Da sun ga dama sai su rubuta umarnin da TCP/IP kaɗai ya sani, shi ke nan. Amma ba su san wanda zai yi nasara ba, kuma ba su yi kamar sun sani ba. Sai suka ƙirƙiro socket() mai karɓar abu 3: dangi, nau'i, da ƙa'ida.

6/
Dangi shi ne tarin ƙa'idojin sadarwa masu tsarin adireshi iri ɗaya. AF_UNIX lamba 1 ce, don manhajoji biyu da ke cikin na'ura ɗaya. AF_INET lamba 2 ce, ita ce IPv4. Mai manhaja ya faɗi lambar, sauran aikin, irin su bind da connect da send, duk iri ɗaya ne ko wane dangi ya zaɓa.

7/
Ku ɗauka kamar gidan haya ne mai ɗakuna da lambobi. Mai gida bai damu da yaren da ɗan haya ke yi ba, ya dai san wa ke ɗaki na nawa. Berkeley ta gwada hakan da kanta: a 1986 XNS ya shiga 4.3BSD, a 1990 kuma OSI ya samu ɗaki a 4.3BSD-Reno.

8/
Wani ƙaramin abin ban dariya: za ku ga AF_INET, ku kuma ga PF_INET. An yi tunanin wata rana dangin ƙa'ida ɗaya zai riƙe tsarin adireshi fiye da ɗaya, shi ya sa aka yi suna biyu. Ranar ba ta zo ba. A Linux duka biyun lamba 2 ne, sai dai su rikita ɗalibai irina.

9/
Linux da Linus Torvalds ya fara a 1991 ya gaji wannan tsarin, ko da yake an rubuta nasa ɓangaren sadarwar daban. Mutane irin su Ross Biro, Fred van Kempen da Alan Cox ne suka yi aikin farko. A fayil ɗin net/socket.c akwai jadawali mai suna net_families. Shi ne rajistar gidan hayar.

10/
Yadda abin ke tafiya: kowane dangi in ya tashi sai ya kira sock_register() ya ce ga lambata, ga aikin da za a kira in ana son sabon soket. Manhaja ta kira socket() da lamba 10, kanel ya leƙa gurbi na 10, ya miƙa wa mai ɗakin. In babu kowa sam, a dawo mata da EAFNOSUPPORT.

11/
Amfanin wannan ya fito fili da IPv6 ya zo. An fitar da bayaninsa a Disamba 1995, a 1996 ya fara shiga Linux, aka ba shi lamba 10. Ba a rushe socket() ba, ba a ce kowa ya koyi sabon tsari daga tushe ba. Ɗaki kawai aka ƙara.

12/
Daga nan abubuwan da 'yan Berkeley ba su taɓa mafarki ba suka yi ta shigowa. Bluetooth lamba 31. CAN, hanyar da sassan mota ke magana da juna, lamba 29, daga masu binciken Volkswagen a 2008. VSOCK lamba 40 a 2013. AF_XDP lamba 44 a 2018. MCTP lamba 45 a 2021.

13/
Har akwai dangin da ba ya fita waje ko kaɗan. Netlink, lamba 16, hanya ce da manhajoji ke magana da shi kansa kanel. In ka rubuta ip addr a Linux, ta nan tambayar ke bi. Wato ƙofar da aka yi don sadarwa tsakanin kwamfutoci ta zama ta cikin gida ma.

14/
Amma fa kowane allazi da nasa amanu. A Linux dangi da yawa modul ne, ba a loda su sai an buƙata. In ka nemi lambar da gurbinta ba kowa, kanel zai nemi modul mai laƙabin net-pf da lambar, ya lodo shi. Kuma ba sai kana da ikon root ba. Kowane ƙaramin mai amfani na iya jawo hakan.

15/
Kun ga matsalar? Dangin da aka daina amfani da shi, ba mai duba lambobinsa sosai. Amma yana nan kwance a faifai, kira ɗaya zai tashe shi ya shiga kanel da cikakken iko. Ɗakin da aka manta da shi, ta tagarsa ɓarawo ke shiga.

16/
Misali na gaske: Econet, lamba 19. Ƙa'ida ce ta kamfanin Acorn na Ingila, masu kwamfutar BBC Micro, kuma asalin ARM da ke cikin wayoyinmu. A 2010 Nelson Elhage ya gano kurakurai, biyu daga ciki a Econet. A Disamban shekarar Dan Rosenberg ya haɗa 3 ya nuna yadda talaka zai zama root.

17/
Wallahi abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yawancin na'urorin da abin ya shafa ba su taɓa ganin wayar Econet ba. Laifinsu kawai modul ɗin yana nan. A 2012, a Linux 3.5, aka cire Econet baki ɗaya.

18/
Abin ya sake faruwa ta wata ƙofar. A Fabrairu 2017 Andrey Konovalov, da taimakon manhajar gwaji syzkaller, ya gano kuskure a DCCP wanda ya shekara fiye da 10 a ɓoye. DCCP ba dangi ba ne, ƙa'ida ce a ƙarƙashin dangin intanet, amma shi ma a lokacin haka ake lodo shi da kira ɗaya.

19/
Sai aka shiga shara. IPX na Novell ya fita a 2018. DECnet, wanda ya daɗe babu mai kula da shi, ya fita a Linux 6.1 a ƙarshen 2022. Waɗanda suka yi gogayya da TCP/IP a 1983, ɗaya bayan ɗaya aka sallame su daga gidan.

20/
Amma lambobinsu na nan. Har yau 4 ta IPX ce, 12 ta DECnet, 19 ta Econet. Ba a ba wa sabon dangi, domin wata tsohuwar manhaja na iya neman 12, kuma gara a ce mata babu da a haɗa ta da baƙo. Dokar Linux ce kada a karya manhajar da ke aiki. Shi ya sa jerin ya zama kamar kundin tarihi.

21/
Yau ana kare kai ta hanyoyi da dama. Ubuntu na zuwa da fayil a /etc/modprobe.d da ke hana lodin dangogin da ba a cika amfani da su ba. A systemd akwai RestrictAddressFamilies, ka ce wa sabis ɗinka iya waɗannan kaɗai za ka buɗe. Android kuma na amfani da SELinux wajen taƙaita irin soket ɗin da manhajoji ke buɗewa.

22/
Ra'ayina: shawarar 1983 daidai ce. Da an ɗaure Unix da TCP/IP na lokacin kaɗai, da shigar IPv6 da Bluetooth ta fi haka wahala nesa ba kusa ba. Abin da aka makara wajen koyo shi ne buɗe ɗaki na da sauƙi, kula da shi shekara 20 ne aikin. Duk mai rubuta manhaja ya riƙe wannan.

23/
Mai Linux a kusa, ya buɗe taminal ya rubuta man address_families ya ga jerin da idonsa. Mai sabar kuma ya duba waɗanne dangogi yake buƙata da gaske, ya rufe sauran. In zaren ya amfane ka, tura wa ɗan ajinku da ke fama da kwas ɗin sadarwa. Tambaya kuma a ajiye ta a ƙasa, zan amsa bayan lakca in sha Allah.