Jawo Ayarin Ƙudan Zuma cikin Amya: Nazari kan Yadda Zuma ke Zaɓar Mazauni

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda ayarin ƙudan zuma ke zaɓar mazauni, da abin da hakan ke koya wa sabon mai kiwon zuma. Ta nuna cewa shirya amya kafin ayari ya taso ya fi kamun gungu muhimmanci.

Gabatarwa

A ƙasar Hausa mai kiwon zuma bai saba sayen ƙuda ba. Amya yake ɗaurawa ya jira. Matsalar sabon shiga ita ce amyarsa kan shekara wayam, alhali ta maƙwabcinsa ta kama tun makon farko. Wasu su ce sa'a ce, wasu su ce asiri. Binciken masana ya nuna akwai dalili.

Yadda Ayari ke Zaɓar Gida

Idan gida ya cika, tsohuwar sarauniya kan fita da dubban ma'aikata, su yi gungu a reshe. Martin Lindauer ne ya gano, a birnin Munik na Jamus cikin shekarun 1950, cewa 'yan leƙe kaɗan ne ke fita neman wuri, su dawo su yi rawa a jikin gungun don tallata abin da suka gani. Thomas Seeley na Jami'ar Cornell ta Amurka ya ɗora a kai. A binciken da ya wallafa tare da Roger Morse a 1978, ƙudan sun fifita kogo mai cin lita 40 a kan mai 10 ko 100, da ƙaramar ƙofa a kan babba, da tsayin mita 5 daga ƙasa a kan mita 1.

Sai dai a yi hattara. Da ƙudan asalin Turai aka yi waɗannan gwaje-gwaje, masu tara abinci saboda hunturu. Namu, Apis mellifera adansonii, yakan karɓi kogon da bai kai haka ba, yana yawan tashi, kuma da ya ji takura sai ya yi ƙaura. A ganin wannan maƙala, kuskure ne a kwafi awon lita 40 ido rufe. Batun tsayi da ƙaramar ƙofa kuwa, manoman da ke saƙala amyar zana a rassan ɗorawa ko tsamiya, su toshe bakinta su bar 'yar kafa, sun daɗe da saninsa.

Ƙamshi

Nan ne asirin yake. 'Yan leƙe kan tsaya a ƙofar sabon gida, su ɗaga gindi suna kaɗa fukafukai, suna watsa ƙamshin da ke kiran sauran. Cikin sinadaransa akwai sitiral, wanda ke cikin ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami da ake sawa a shayi. Shi ya sa goga ganyenta a cikin amya ke aiki. Kaki ma haka: a narka shi a shafa a cikin amya, ko a sa ɓallin tsohuwar saƙa wadda ta yi duhu. Kada a zuba zuma ko sukari. Kiyashi ne zai riga ƙuda shiga. Turaren da magabata ke yi wa amya ma hikimar ƙamshin nan ce. Lokacin ɗaurawa kuma shi ne gab da furen kaɗanya da ɗorawa, cikin rani; a ɗaura ta a inuwa, kusa da ruwa.

Kamun Gungu

Idan an tarar da gungu a reshe na ƙasa, a rufe fuska da hannuwa, a tara kwali, a girgiza reshen sau ɗaya da ƙarfi. Sai a ajiye a lura: in waɗanda suka watse suna tururuwa ciki, sarauniya ta faɗa. In suna komawa reshen, tana can, sai a sake. A bari magariba ta yi kafin a juye su cikin amya, kuma kada a buɗe ta sai bayan mako biyu, lokacin da suka yi saƙa sarauniya ta fara ƙwai.